Waƙafi Biyu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Attajiran Kano Da Hukumar Zakka Da Hubusi



Ranku ya daɗe, iyayenmu alhazan Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari da Kurmi. Allah ya gafarta malamanmu da ke riƙe da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano. Ni tsohon magatakardan kotu ne. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina rubuta ranar dawowa a bangon fayil, yanzu na ajiye aiki ina zaman ƙofar gida. Ba ni da rumfa a kasuwa, ba ni kuma da karatun da zan ba da fatawa. Abin da idona ya gani kawai na kawo muku.

Akwai wata kalma da Bahaushe yake ajiyewa a wurare biyu da ba su yi kama da juna ba. Idan mai hali ya gina gida ko ya sayi gona, ya ce ba a sayarwa, ba a rabon gado, amfanin na bayin Allah ne har illa masha Allahu, sai mu ce ya yi waƙafi. A Sakkwato da wannan sunan ake kiran hukumar zakkarsu. Idan kuma alƙali ya tura mutum gidan yari alhali ba a yanke masa hukunci ba, sai mu ce yana zaman waƙafi. Ko hubusin da muke cewa a nan Kano, masana Larabci za su gaya muku daga tushen tsarewa ya fito, tushen da Larabawa suka samo sunan kurkuku daga cikinsa. Can dukiya ce a tsare, nan mutum ne a tsare. Roƙona a wannan wasiƙa shi ne ku yi waƙafi na farko domin a rage na biyu.

Na san kuna yi. Duk azumi da gabanin salla ana ganin ayarinku a ƙofar Kurmawa da Goron Dutse, a biya wa wannan tarar dubu ashirin, a biya wa wancan bashin dubu hamsin, a ba su kuɗin mota su koma gida. Aiki ne na alheri, Allah ya saka. Gwamnatin tarayya ma ta bi wannan hanyar. A watan Nuwamban 2023 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tsaya a gidan yarin Kuje ya sanar da cewa kamfanoni da masu hannu da shuni sun haɗa naira miliyan 585, wadda da ita za a saki mutum 4,068 da suka kasa biyan tara. In ka raba kuɗin, kowane mutum bai cika naira dubu ɗari da hamsin ba. Kuɗin da wani cikinku zai kashe a walimar suna, shi ya tsare magidanci wata da watanni.

To amma a lokacin nan gidajen yarin Nijeriya suna ɗauke da mutum fiye da 80,000, a gine-ginen da ba a yi su don ko 50,000 ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane ba su da tarar da za a biya musu, domin babu alƙalin da ya ce sun yi laifi. Jiran shari'a suke yi. Ayarinku yakan wuce ta gabansu da buhunan shinkafa da rasit, su leƙo ta tsakanin ƙarafa, kuɗinku kuwa ba shi da ƙofar da zai shiga ya same su. Wanda aka tabbatar ya yi sata ya fita da yamma, wanda ba a tabbatar da komai a kansa ba ya kwana. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci har na ɗauki alƙalami.

Bari in ba ku labarin yaron maƙwabcina. Tela ne, da mata ɗaya da 'ya ɗaya. Ya sayi waya ta hannu a wurin wani da bai san gidansa ba. Bayan wata biyu aka bibiyi wayar aka same ta a aljihunsa, ashe da wuƙa aka ƙwace ta a hannun mai ita. A caji ofis aka rubuta masa fashi da makami. Aka kai shi gaban majistare, wanda doka ba ta ba shi hurumin sauraron irin wannan tuhuma ba, ba ta kuma ba shi ikon ba da beli a kanta ba. Abin da zai iya kawai shi ne ya tura shi gidan yari, a aika fayil ma'aikatar shari'a a jira shawararta. Fayil ya tafi. Uwarsa ta sayar da akuyoyinta ta ba wani ɗan tsakani da ya yi mata rantsuwa ya san manya, ya karɓa ya ɓace. Aka sayar da keken ɗinkin. Da aka shekara, iyayen matar suka fara maganar a raba auren. Ni da na yi aiki a cikin harkar na buga ƙofofin da na sani, amma wanda ya bar kujera gaisuwa kawai yake samu.

A wata na goma sha tara wata yarinya lauya mai hidimar ƙasa ta ji labarin. Ba ta yi wata doguwar mahawara a gaban alƙali ba. Sawu ta yi ta yi: ofishin 'yan sanda, rajistarar kotu, ma'aikata, ta sake komawa. A ƙarshe ta gano fayil ɗin bai taɓa barin durowar da aka fara ajiye shi ba, saboda babu wanda ya biya kuɗin hoton takardun. Ta biya. Cikin mako shida shawara ta fito cewa babu hujjar tuhumarsa da fashi. Da muka zauna muka lissafa abin da ta kashe, kuɗin adaidaita da na hoton takarda da na katin waya, bai kai naira dubu arba'in ba. Gwamnati kuwa, da kuɗin abincin fursuna da ta ƙara daga naira 750 zuwa 1,125 a rana, tana kashe fiye da naira dubu ɗari huɗu a shekara don ta ciyar da mutum guda irinsa.

Ba zan wanke kaina ba. Da hannuna na sha rubuta an ɗage zama saboda fayil bai dawo ba, ko mai gabatar da ƙara an yi masa canjin wurin aiki, ko motar gidan yari ba ta da mai. Ina rubutawa, a kira na gaba. Abin da na lura da shi a duk tsawon shekarun nan guda ne: fayil ɗin da yake da mai tambayarsa yana motsi, wanda ba shi da kowa yana tara ƙura. Mugunta tana nan, amma mantuwa ta fi ta cin mutane.

Kada ku ɗauka dokar ce babu. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa zuwa kwana 14 a karon farko, sai da dalili ake sabunta shi, kuma sabuntawar ma tana da iyaka. Ta ɗora wa manyan majistarori su riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata su ga su wa ke bayan kanta. Kano ta yi tata irin dokar a 2019. Tun 1976 akwai hukumar tarayya mai ba talaka lauya kyauta, sai dai lauyoyinta 'yan ƙalilan ne a jihar da take da ƙananan hukumomi 44. A bangon caji ofis an rubuta beli kyauta ne, kowa kuma ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin rubutun. Doka a takarda kamar rijiya ce ba guga. Sai an sami mai zuwa ya ce ga sashe kaza, ga mutum kaza, kwanansa kaza a tsare, kuma mai zuwan nan yana bukatar albashi da kuɗin mota.

Wa ya riƙa biyan wannan kuɗin? In za mu faɗi gaskiya, galibi Turawa ne. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri na ƙarfafa bin doka da yaƙi da cin hanci tun 2017, Kano da Adamawa suna cikin jihohin da ya shafa. Ingila da Amurka da gidauniyoyin ƙasashen waje su suka daɗe suna riƙe da ƙungiyoyin da ke horar da majistarori, suna kai lauyoyi caji ofis, suna ƙirga masu jiran shari'a. Wato harajin direban bas a Landan da na ma'aikaciyar jinya a Jamus ne yake nemo fayil ɗin telan unguwarmu, a garin su Alhassan Ɗantata.

Yanzu kuma rijiyar tana ƙafewa. Ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙetare, zuwa watan Yuli hukumar USAID ta rufe ƙofarta. A Fabrairun shekarar gwamnatin Keir Starmer ta Ingila ta sanar za ta rage kason agajinta daga 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, ta mai da rarar ga sojoji. A watan Yulin 2025 ne Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin za ta tsayar da tallafin da take ba mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Nijeriya. Idan har an kai ga taɓa kunun yaran da tamowa ta kama a Borno, ku ƙiyasta abin da zai rage wa lauyan fursuna. Duk wanda zai zaɓa tsakanin abinci da lauya, abinci zai zaɓa, ni ma haka zan yi.

Na san abin da da yawanku suke faɗa a kan waɗannan ƙungiyoyi, kuma ba duka ne ƙarya ba. Na halarci tarukan bitarsu a manyan otal, na sha shayi da nama, na sa hannu na karɓi kuɗin zama, na koma ofis na ci gaba da abin da na saba. Na ga shirin da aka zo da shi don mai ba da kuɗin yana son jin sunansa, ba don shi ne ke ci mana tuwo a ƙwarya ba. Na ga ofis ya buɗe da motoci masu tambari, bayan shekara uku kuɗi ya ƙare, aka mayar wa mai gida makullinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma wanda bai saka ko sisi ba, da wane baki zai ce a sauya ajanda? Mun bar wa baƙo aikin, sannan muna zarginsa da yin sa da hannun hagu. Kuma a cikinsu akwai 'ya'yanmu masu aiki tsakani da Allah: ƙungiyar lauyoyi mata, ɗaliban shari'a na Jami'ar Bayero da ke ba da shawara kyauta a ƙarƙashin malamansu, matasan lauyoyin da ke karɓar shari'ar talaka ba ko kwabo. Waɗannan su za su fara zama idan kuɗin waje ya tsaya.

Ba rashin kuɗi ne ya hana mu ba. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya ci Maiduguri, cikin 'yan kwanaki aka tara biliyoyi, marigayi Alhaji Aminu Ɗantata shi kaɗai ya ba da naira biliyan ɗaya da rabi. Ba kuma sai manya ba: kowace babbar salla Izala tana bin gida gida tana karɓar fatun layya, fatar da da yawa za su yar, tana tara miliyoyi da ita. Mun iya tara kuɗi idan ido ya ga abin. Masallaci ana ganinsa, rijiyar burtsatse ana ɗaukar hotonta, maraya yana tsayawa a gabanka. Adalci ne ba shi da bangon da za a liƙa allon marmara a rubuta sunan wanda ya gina. Mutumin da aka hana a tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, babu mai ganinsa, domin yana gidansa yana cin tuwo.

Wasu sun gano dabarar. A Landan tun 2005 lauyoyi da alƙalai, har da manyansu, suke fitowa sau ɗaya a shekara su yi tafiyar kilomita 10 a ƙasa, 'yan uwa da abokai su biya musu ladan tafiyar, a zuba kuɗin a cibiyoyin ba talaka shawarar shari'a kyauta. Ban ce alƙalanmu su ɗaura ɗamara su zagaye badala ba, ko da yake da zan so in gani. Misalin da ya fi kama da mu shi ne na Malawi. A shekarar 2000 suka fara tura wasu 'yan mutane da ba lauyoyi ba ne, an dai koya musu abin da ya shafi kamu da beli da tsarewa, suna shiga gidajen yari kullum. Suna koya wa fursuna yadda zai buɗe baki ya nemi beli da kansa, har da ɗan wasan kwaikwayo suke yi musu, suna nemo dangin da za su tsaya wa mutum, suna kai wa alƙali sunayen waɗanda aka manta. Saliyo ta bi sawu bayan yaƙinta, har ta sa irin waɗannan mataimaka a cikin dokarta a 2012. Mu da muke da dubban masu digiri da masu difloma a shari'a suna zaune ba aiki, ma'aikatan ba za su yi mana wuyar samu ba.

Ga abin da nake ba da shawara. Kada a kira taron ƙaddamar da gidauniya. Na san yadda yake ƙarewa: babban mai ƙaddamarwa ya yi alkawarin miliyan hamsin, maroƙi ya wasa shi, a yi tafi, bayan wata shida sakatare yana yawo da takardar tuni ana ce masa Alhaji ya yi tafiya. A maimakon haka mutum biyar ko goma cikinku su ware dukiya mai haihuwa, jerin shaguna ko sito ko gidan haya, a rubuta ta hubusi a gaban alƙali da shaidu, a faɗi a fili cewa hayarta ta neman haƙƙin wanda ba shi da mai tsaya masa ce. Sayyidina Usman rijiya ya saya a Madina, Sayyidina Umar gonarsa ta Khaibara ya tsare, ba su raba kuɗi a yini ɗaya suka tashi ba. Sannan ƙungiyoyin kasuwa su ɗora nasu. A misali, rumfa dubu biyar in kowacce ta ba da naira dubu a wata, miliyan biyar ke nan, kuɗin da zai riƙe lauyoyi da mataimaka masu yawa. Kuma ai yaranku ne ake kamawa: ɗan dako, yaron shago, direban da ya ɗauko kayan da bai san na wa ne ba.

Ba sai an buɗe sabon ofis da sabon shugaba da sabuwar mota ba. Masu aikin suna nan. A ba su kuɗi bisa sharaɗi, a tambaye su abin da ɗan kasuwa zai tambayi yaronsa: mutum nawa ka gani, fayil nawa ka motsa, nawa suka fita, nawa aka kai babbar kotu, nawa ka kashe a kan kowanne. Duk wata uku a karanta lissafin a rediyo, kamar yadda ake karanta farashin hatsi. Wanda ya kawo hoton taron bita a madadin sunayen mutane, a ba wani.

Zuwa gare ku malaman Hukuma, Allah ya gafarta muku. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, cikinsu akwai mai bashi, akwai kuma 'yantar da wuya. Ko kuɗin lauyan wanda aka tsare zai shiga ɗaya daga ciki, wannan naku ne ku zauna ku duba, ni ban isa in sa baki ba. Amma ƙofar hubusi da sadaka a buɗe take, babu mai gardama a kai. Abin da nake roƙo ku yi haƙuri ku ji shi ne kada asusun ya zauna a hannunku. An kafa ku da dokar jiha a 2003, gwamna ne yake naɗa ku, shi yake sauke ku. Lauyan da wannan asusu zai biya kuwa, watarana gwamnati zai kai ƙara, ko 'yan sanda, ko wata hukuma 'yar uwarku. Ku zama masu rajista da sa ido da binciken lissafi, ku bar riƙon ga amintattun da babu mai korarsu da takarda ɗaya: tsohon alƙali, wakilin lauyoyi, wakiliyar mata, wakilan kasuwa, malami.

Ku ma alhazai akwai taku mai ɗaci. Da yawa daga cikin waɗanda na gani a tsare, mai kuɗi ne ya sa aka kama su: bashi ne na ciniki, aka ba shi sunan zamba cikin aminci don a ja wa mutum kunne. Ranar da lauyan asusu zai tsaya wa yaron shagon da ɗayanku ya sa aka rufe, ranar za a gane ko hubusi aka yi ko talla. Shi ya sa nake son a rubuta tun farko cewa wanda ya bayar ba shi da ikon cewa a taimaki wane, a ƙyale wane. A kuma rubuta cewa ba a tambayar addini ko ƙabila a bakin ƙofa. Bayan kanta ɗaya ake cusa ɗan Fagge da ɗan Sabon Gari, mai shan ruwan rijiya kuma ba a tambayarsa inda yake salla.

Wani zai ce a cikinsu akwai 'yan daba da masu ƙwacen waya na gaske, waɗanda suka kashe mana 'ya'ya. Akwai su, na gan su da idona, ba na kuma neman a sake su. Ina neman a yi musu shari'a. Iyalan wanda aka kashe su ma jira suke yi, shekara biyar ana ɗage zama har shaidu su gaji su daina zuwa, a ƙarshe a sallami mai laifin don babu hujja. Jinkirin da ya cinye telan unguwarmu shi ne yake kuɓutar da mai kisan.

Idan azumi ya zo kuka je biyan tara kamar yadda kuka saba, ku je, kada ku fasa. Sai dai kafin ku fito ku nemi shugaban gidan ya nuna muku allon da ake rubuta ƙidayar kowace safiya, ku duba adadin masu hukunci, ku duba na masu jiran shari'a. Ku roƙe shi sunayen mutum goma da suka fi kowa daɗewa ba a kai su gaban alƙali ba, da ranar da aka kawo kowannensu. Ku ba lauya ɗaya wannan takarda da kuɗin motar wata uku. In yana bukatar wanda zai nuna masa inda fayiloli suke kwana, ƙafata tana ciwo amma tana kai ni rajistara, kuma ba na neman lada a wurinku.

Wassalam.

Naku,
Tsohon magatakardan kotu,
daga cikin birnin Kano.